Dogarin Kafaɗar Hagu

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Don sakamakon gwajin zogale na sayi littafin nan, ga shi shafin farko zai tafi a kan wani abu daban. An harbe shugaban ƙasar su Hasna, abokiyar zamana, yau a wajen buɗe wata sabuwar gada. Allah ya jiƙansa. Kafin yau ko sunansa ban iya faɗa daidai ba.

A majalisa labarin ya same mu, wato teburinmu na kusurwa a mamak, gidan shayin nan na bayan tashar jirgin ƙasa ta Taman Melati, inda 'yan Arewa mazauna ƙasar wajen nan muke haɗuwa duk Lahadi mu sha teh tarik, shayinsu mai madara, mu gyara duniya. Alhaji Nata'ala ne ya fara gani a waya. Shi ne mai shago a kasuwar Chow Kit da ke aika wa ɗalibai kaya gida, kuma ban taɓa ganin ya bar labari ya huce ba. Kafin gurasar roti da na saya ta iso har ya gano wanda ya yi kisan, wai mataimakin shugaban ne. Hujjarsa ita ce a hoto mutumin bai yi kama da wanda ya firgita ba.

Malam Shafi'u ya ajiye kofi ya gyara tabarau. Malamin tarihi ne a gida, shekararsa shida a nan yana digiri na uku, kuma babu abin da ke faranta masa rai kamar a yi kuskure a gabansa. Ya ce Alhaji kusa-kusa yake kallo. Maganar tashar jiragen ruwa ce, shugaban ya ƙi sa hannu a wata yarjejeniya da manyan ƙasashe ke so, shi ke nan. Ya jero mana shugabanni biyar da ya ce haka aka yi musu, har da shekarun. Matarsa Maman Kausar ta ce duk su yi shiru, a nemo wanda ya tsara wurin tsayuwa. Ita ce ke shirya mana walimar suna da ta kammala karatu, ta ce wanda duk ya taɓa shirya taro ya san mai cewa kai tsaya nan, kai koma can, shi ke da taron.

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Sai da na kama hanyar gida na tuna da Hasna, kuma na ji kunyar hakan. Na tarar da ita a falo da waya a kunne, tana ta kira ba ya shiga. Na yi mata ta'aziyya da Turanci kamar yadda muka saba magana, ta gyaɗa kai ta shige ɗaki.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Hasna ta tafi unguwar Bukit Bintang, akwai gidan abincin da 'yan ƙasarsu ke taruwa. An katse musu intanet a can, ba ta samu kowa a gida ba. Ni kuma zogalena na cikin na'urar busarwa a lab, ɗakin gwajinmu, sai na juya shi duk awa biyu.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Saƙo ɗari huɗu da wani abu a guruf ɗinmu na waya tun safe. Alhaji ya turo murya ta minti tara. Malam ya mayar masa da taswira, ya ja layi daga tashar jiragen ruwa zuwa wasu ƙasashe uku. Wani sabon ɗalibi ya ce ai ba shugaban aka harbe ba, mai kama da shi ne, shi yana wani tsibiri yana hutawa. An ce an kama mutum ɗaya, an kuma ce ya mutu kafin a kai shi ko'ina.

Suna ta tsokanata wai Dakta Saudatu ta yi shiru. Har yanzu ban zama dakta ba, amma ba na hana su faɗa. Kuma ba shiru na yi ba, kallo nake yi. Aikina ke nan a lab, in ajiye hoto kusa da hoto in ga abin da ya canza.

Talata, bayan azahar

Na gano wani abu.

Na tattaro hotunan shugaban na tarurruka goma sha huɗu, na shekarun baya. A duk cikinsu akwai wani dogon dogari mai fitattun kunnuwa a bayan kafaɗarsa ta hagu. Ko ina ne, ko da wane kaya, yana nan kamar an dasa shi. Ranar gada babu shi, wani gajere ne a wurin. Kuma ta hagu harsashin ya zo.

Na haɗa hotuna biyu gefe da gefe, na zagaye dogon da kore saboda ja ya ƙi fitowa a kan jar dardumar da suke tsaye. Yatsana ya zame, da'irar ta fito da 'yar jela, ban damu na gyara ba. Na rubuta a ƙasa: Ina wannan ya tafi? Na tura guruf.

Minti biyu ba a yi ba Malam Shafi'u ya kira ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wannan shi ne bincike, da ɗalibansa na gida na yin rabin haka da bai yi furfura ba. Alhaji ya ce hoton ya tabbatar da maganarsa, mataimaki ne ya janye dogarin. Malam ya ce a'a, tasa ya tabbatar. Maman Kausar ta rubuta: ba na gaya muku wurin tsayuwa ba? Na faranta wa mutum uku rai da da'ira ɗaya. Na sayi ayis kirim a hanyar gida na shanye shi ni kaɗai a tsaye.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Hasna ta dawo. Na yi dafa-duka da busasshen kifi, ta ci cokali uku. Ta samu mahaifiyarta a waya, kowa lafiya, sai dai wayar yayanta Adnan a kashe take. Na san yana aikin gwamnati a babban birni, iyakar abin da ta taɓa gaya min ke nan. Na ce mata ai duk ma'aikacin gwamnati a makon nan ba shi da lokacin waya, ta kwantar da hankalinta. Ta ce haka ne.

Maƙwabcinmu ya sake shigo da duriyan, ɗan itacen nan mai wari, ta lif. Duk benen ya ɗauka.

Alhamis, ƙarfe huɗu

Farfesa mai duba aikina ta yaba sakamakona. Ruwa tun azahar.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Hasna ta nuna min wani hoto a wayarta. Hotuna biyu ne gefe da gefe, da koriyar da'ira mai 'yar jela. An fassara rubutun ƙasan zuwa yarensu, an ƙara suna da sunan unguwa. Mutum dubu arba'in sun tura shi gaba.

Ta ɗora yatsa a tsakiyar da'irar ta ce, “Sauda, wannan Adnan ne.”

Ta ce tun da ya fara aikin aka ja musu kunne a gida kada kowa ya faɗi inda yake aiki, shi ya sa ba ta taɓa gaya min ba, in yi haƙuri. Ita ce ke ba ni haƙuri.

Kunnuwan ma irin nata ne. Shekara biyu muna gida ɗaya.

Na ce Allah ya kyauta. Na shiga kicin na sake wanke kwanukan da na wanke da rana.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Haƙori ne ya hana Adnan zuwa wajen gada. Mako uku yana fama da ciwon haƙori yana gudun likita, ƙaton mutum mai tsayin ƙofa, wai shi allura ce ba ya so. Safiyar ranar gada kumatunsa ya kumbura kamar ya ɓoye lemo a baki, shugabansu na aiki ya dube shi ya ce wannan fuska ba za ta shiga hoto ba, ya wuce asibiti. Ya turo wa Hasna hoton kumatun daga layin jira, ita kuma ta aika masa dariya. Ta nuna min. Duk da halin da muke ciki sai da muka yi dariya mu biyu, daga nan ita ta koma kuka.

Ranar Laraba sojoji suka je gida suka tafi da shi. Sai jiya mahaifiyarsu ta iya faɗa mata. An jefi ƙofarsu da duwatsu, matarsa ta kwashe yara ta koma ƙauye.

Laraba tana bayan Talata. Na lissafa bambancin awanni tsakaninmu da su har sau uku.

Amma ai akwai takardar jerin masu aiki na ranar. Duk mai bincike da ita zai fara. Ko ba ni ba, dole wani ya lura.

Asabar, ƙarfe biyar

Ko ba ni ba dole wani ya lura.

Lahadi, bayan la'asar

Ban so zuwa majalisa ba, Hasna ce ta ce in je in sa a ƙunso mata roti, ko za ta iya ci. Ina shiga Alhaji ya miƙe ya ja min kujera, ya ce a ba Dakta mai da'ira wuri. Ya ce shi ya tura hoton ga wani abokin cinikinsa ɗan ƙasar da ke maƙwabtaka da ta su Hasna, jiya kuma matarsa ta turo masa shi daga Kano, ba ta ma san daga teburin nan ya fito ba. Fuskarsa fal murna. Malam ya fara bayanin yadda ake sayen dogarai tun zamanin dā.

Na gaya musu. Ban tsara ba, maganar ce ta fito da kanta, da haƙorin da duwatsun da komai.

Malam ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Can Alhaji ya yi gyaran murya, ya tambaya a hankali, kuma na rantse da zuciya ɗaya ya tambaya, wai shi likitan haƙorin an san ko mutumin waye? Maman Kausar ta yi masa wani kallo da ya sa ya mayar da hankali kan kofinsa.

Ta rako ni har bakin titi. Ta tambaya ko Hasna ta sani, na ce a'a. Ta ce, “To ki gaya mata da bakinki, Saudatu. Guruf ɗin nan mutum tamanin ne a ciki, kuma rabinsu Alhaji ne.”

Na goge hoton daga guruf. Kamar wannan zai yi wani abu.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Ban gaya mata ba.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Ban gaya mata ba. Na yi mata miyar kuka, wadda da farko take cewa kamar ruwan fadama, yanzu kuma har tanɗe cokali take yi. Ta ci rabin faranti. Na share gidan, na goge fanka, na gyara ƙofar firij da ke ƙara tun bara. Ta ce ban da ni da ba ta san yadda za ta yi ba a garin nan. Na ce mata zan leƙa lab.

Umma ta kira daga Gusau, ta ce muryata ba daidai ba. Na ce mura ce. Ta ce in sha citta, ta ba ni labarin akuyar maƙwabta da ta cinye mata shukar alayyafo har minti ashirin. Na ji daɗin labarin akuyar nan ƙwarai.

Laraba, bayan magariba

Tana ninke kaya a falo na zauna a ƙasa kusa da kwandon. Na buɗe wayata na nuna mata hoton na asali, mai rubutun Hausa, da ranar da aka yi shi.

Ta daɗe tana kallo. Ta tambaya me rubutun yake nufi, na fassara mata. Ta tambaya ko na san shi ne, na ce wallahi ban sani ba. Ta ce ta yarda.

“To da ba yayana ba ne fa?” in ji ta. “Da yayan wata ce?”

Na ce zan yi duk abin da ta ce. Zan rubuta cewa ƙarya ne, zan sa hoton kumatun da lokacin da ya turo shi, zan sa sunana a ƙasa kowa ya zage ni.

Ta ce, “Kada ki sake taɓa komai. Ko ɗigo kada ki sa. Kin ji?”

Na ce na ji. Ta ƙarasa ninke kayan, har da nawa da ke cikin kwandon, ta ajiye min su a hannun kujera ta shige ɗaki.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Ta fita kafin in tashi. Ban taɓa komai ba.

Juma'a, ƙarfe uku

Kwamitin binciken ƙasarsu ya fitar da sanarwa: wai mutum ɗaya ne, mai taɓin hankali, shi kaɗai ya shirya shi kaɗai ya aikata. Karo na farko tun da na san su, Malam Shafi'u da Alhaji Nata'ala sun yarda da juna, duka biyun sun ce ba su yarda ba. Alhaji ya turo murya yana kiran Malam ɗan'uwana. Na karanta komai, yatsana na ƙaiƙayi, don akwai abu biyu a sanarwar da ba su haɗu ba. Na kife wayar na je na auna zogale.

Ba a ambaci waɗanda ke tsare ba.

Muna gaisawa da safe, muna gaisawa da yamma. Tana cin abincin da na bari a tukunya in ba na falon.

Lahadi, ƙarfe shida da rabi na yamma

Yau majalisa ce ta zo gidanmu. Maman Kausar ta shirya, ban sani ba sai da na ji sallama. Ta shigo da kular masa da miyar taushe, Malam na bayanta da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, Alhaji na ƙarshe yana nishi da kwalin mangwaro a kafaɗa da ƙunshin kilishi a hammata, don lif ya lalace, hawa tara ya tako.

Na ɗauka Hasna ba za ta fito ba. Ta fito da hijabinta ta zauna.

Malam ya fara ba da haƙuri da Turancinsa na aji, yana tafiya lafiya lau, sai ya ce domin a tarihi irin wannan lamari, nan matarsa ta taka masa ƙafa ya tsaya. Alhaji ya ce shi ne babban mai laifi, shi ya fitar da hoton daga gida, Dakta a cikin ɗaki ta yi maganarta. Ya dafa ƙirji ya ce, “Sori lah, sista. Bakina ne, tun ina yaro haka yake.” Ya ce ya yi wa kansa alkawarin mako guda ba zai tura komai ba, yau kwana bakwai, kuma ya ji jiki. Ban tuna masa muryar ranar Juma'a ba.

Hasna ta ce kowa ya gaya mata wanda yake ganin ya kashe shugabansu. Suka kalli juna. Ta ce da gaske take. Alhaji ya faɗi nasa a taƙaice, Malam ya faɗi nasa ba a taƙaice ba, Maman Kausar ta faɗi nata. Hasna na lissafawa da yatsu. Ta ce a gidan abincinsu na Bukit Bintang labari goma sha ɗaya ne ke yawo, nasu ukun duk suna ciki, na Alhaji shi ne na biyu a farin jini. Mahaifiyarta ma tana da nata, ita surukin shugaban take zargi saboda ba ta taɓa son gashin bakinsa ba. Nan ta yi dariya, ta gaske, irin wadda rabona da ji tun kafin gada. Alhaji ya so ya ji sauran takwas ɗin, Maman Kausar ta tura masa masa.

Malam ya tambaye ta ita fa me take gani. Ta ce ita ba ta da lokacin wanda ya mutu tukuna, na raye take nema. Malam ya yi addu'a mai tsawo muka shafa.

Da suka tafi ta taya ni kwashe kwanuka. Ta yanka mangwaro ɗaya ta ajiye min rabi.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Shiru daga can. Mangwaro ya fara nuna gaba ɗaya, muna ci safe da rana kamar magani. Na kai wa mai duriyan guda shida, ya ce zai rama alheri. Ina tsoron da me zai rama.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

An saki Adnan.

Ina kan sallaya ta ƙwanƙwasa min ƙofa, abin da ta daina yi. Tana tsaye da waya a hannu, sai gyaɗa kai take yi. Muka rungume juna a bakin ƙofa, ni da carbi a hannu ita da buroshin haƙori.

Likitar haƙorin ce ta fitar da shi, mace ce ashe, tsohuwa. Ta ɗauki littafin rajistar asibitinta da kanta ta je inda ake tsare da su, ta zauna a ƙofa kwana uku tana cewa ita mara lafiyarta take nema, bai dawo an cire masa haƙori ba. Shugabansu na aiki ma a ƙarshe ya amsa cewa shi ya kore shi ranar. Na ba Hasna labarin tambayar Alhaji, ta ce in gaya masa an gano ko likitar mutuniyar waye ce.

Na tafi lab na zuba ruwan gwaji a kofin shayina. Allah ya sa na lura.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Adnan ya kira ta bidiyo daga ƙauye. Na tashi zan ba su wuri, Hasna ta riƙe min hannu ta ce ni yake son gani. Ta gaya masa komai tun shekaranjiya.

Ya rame. Kunnuwan sun ƙara fitowa. Yara biyu na hawa kafaɗarsa suna leƙen wayar. Turancinsa kaɗan ne, Hasna ke fassarawa. Ya buɗe baki ya nuna mana giɓin, ya ce a can ciki wani sojan asibiti ya cire shi ba tare da allura ba, yanzu ya daina tsoron allura, sonta ma yake yi.

An sallame shi daga aiki. Ba zai koma birni ba yanzu, don har yau akwai masu tura hoton. Zai taya kawunsu aikin gona ya ga abin da Allah zai yi.

Na fara ba shi haƙuri, na shirya kalmomin tun jiya, amma suka watse. Ya bari na gama. Sannan ya yi magana doguwa, Hasna ta fassara.

“Ya ce shekara tara yana tsaye a bayan mutumin nan, babu wanda ya taɓa lura da shi sai ranar da ba ya nan. Ya ce kina da ido.”

Na ce da ma ban da shi. Ya yi murmushi. Ya ce tun ranar Lahadin sunansa ke hannun masu bincike, da hoton da babu hoton za su zo. Duwatsun ƙofa dai, waɗannan na hoton ne. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni ma ban tambaya ba.

Hasna ta tambaye shi abin da kowa ke tambaya. Ya girgiza kai ya ce bai sani ba. Kwana goma sha biyar ana tambayarsa, shi ma yana tambayar kansa. Abin da ya sani shi ne mutumin yana da ciwon gwiwa ta hagu, in zai sauka daga mumbari yakan ɗan jingina baya kaɗan ba tare da kowa ya gani ba, shi kuma ya tare shi da hannu. Gajeren da aka sa a wurinsa bai san da wannan ba. Ya ce ba wai hakan zai hana komai ba, kawai yana tunawa ne. Daga nan ya ɗauke fuska daga wayar, yaran suka cika ta da hanci da haƙora, layin ya yanke.

Mun daɗe zaune ba mu kunna fitila ba, har aka kira magariba a masallacin da ke ƙasan benenmu.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Da safe ta ce in shirya mu je Chow Kit, gidan babu komai sai mangwaro. Ta sayi kifi manya guda biyu, kaza, albasa, kabeji, buhun shinkafa mai kilo biyar, kankana guda cur wadda na tabbata ba ma buƙata. Duk abin da aka miƙo sai ta nuna ni da haɓa, mai kaya ya ɗora min. Muka leƙa shagon Alhaji ta gaya masa labarin likitar da bakinta, ya yi ta hamdala, ya ce a bar kayan zai sa a kawo mana gida. Ta ce a'a, Sauda za ta ɗauka.

Na ɗauka. Daga kasuwa zuwa tasha, daga jirgi zuwa jirgi, ruwan kifi na ɗiga a siket ɗina, ita tana gaba tana cin gyaɗa hannunta ɗaya a aljihu. Lif bai gyaru ba. A hawa na shida na zauna a kan matakala na ce ba zan iya ba. Ta tsaya tana kallona daga sama, ta gama tauna gyaɗarta, sannan ta sauko ta karɓi kankanar.